Bayan toshewar jijiyar bayan ido: yadda za a tare hawan jinin ido

Idan likita ya ce jijiyar da ke kwashe jini daga bayan idon Baba ta toshe, ku nemi kalanda. Abin da nake fara gaya wa 'yan rakiya ke nan a ɗakin duba ido a nan Katsina, tunda su ke kawo tsoho asibiti.

In babbar jijiyar ce ta toshe, bayan idon ya rasa isasshen jini, sai idon ya soma tsiro da wasu ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari. Su ne ke bazuwa kan baƙin ido har su rufe magudanar ruwan cikinsa, kamar leda ta cushe kwalbati da damina. Ruwa ya taru, matsi ya hau, jijiyar gani ta fara mutuwa; wannan shi ne hawan jinin ido. Yawanci wajen wata 3 bayan toshewar abin ke bayyana, daidai lokacin da mutanenmu ke cewa "ai mun ga sauƙi" su daina zuwa.

Saboda haka a wata 6 na farko, kowane wata a kawo shi. Ku ce a auna matsin ido, a gaya muku lambar, ku rubuta a bayan kati. Daga 10 zuwa 21 shi ne daidai. A auna ɗaya idon ma, don mai hawan jinin ido tun asali ya fi saurin samun wannan toshewar, kuma sau da yawa bai san yana da shi ba.

Allurar cikin ido irin su Avastin tana rage kumburi, gani kan ɗan dawo. Amma abin da matsi ya kashe a jijiyar gani ya tafi ke nan. In an ce a yi leza, wato aikin ido da hasken na'ura, kada a tsaya shawara da dangi har sati ya zagayo. In kuma an rubuta ɗigon timolol na rage matsin ido, ku faɗa idan Baba na da asma.

Maganin hawan jini da na suga a ci gaba da sha. Ranar da ido ya yi ja, da ciwon ɓarin kai ko amai, kada a jira ranar kati, kada a ɗiga komai na kasuwa. Ko daga Daura ne, a hau mota ranar.