Bin sawun kaka a rajistar coci da takardun kotu

Daga kanka za ka fara, ka riƙa komawa baya, uba bayan uba. Kada ka ɗauko wani mai sunan gidanku da ya rayu shekara ɗari uku da suka wuce ka ce sai ka jawo shi ya iso kanka. Ta haka ake wayar gari da kakan aro. Zan yi misali da Ingila, don takardunta na fi sabawa da su.

A can, sai a 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Abin da ya gabaci haka, coci za ka nufa. Tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa. Lura da kyau, ranar baftisma aka rubuta, ba ta haihuwa ba, kuma yaro kan yi kwana uku ko shekara uku kafin a kai shi. Idan littafin ƙauyen ya salwanta, nemi kwafin da ake aika wa bishop duk shekara tun wajen 1598.

Kwanan wata ma yana da tarko. Kafin 1752, ranar 25 ga Maris ake shiga sabuwar shekara. Don haka in ka ga jaririn da aka yi wa baftisma a Disamban 1720 an binne shi a Fabrairun 1720, magatakarda bai ruɗe ba: a lissafinsu Fabrairu na zuwa ne bayan Disamba a cikin shekara ɗaya. Rubuta 1720/21 ka wuce.

To amma rajistar coci marowaciya ce. Suna da rana take bayarwa, wani lokaci da sunan uba, shi ke nan. Ga John biyu a ƙauye guda, sunan gidansu ɗaya, kowanne matarsa Mary. Wanne ne naka? Ni dai ba na ɗora kowa a salsala sai wata takarda ta biyu ta shaide shi, kuma galibi daga kotu take fitowa.

Fara da wasiyya. Har zuwa 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da ita, kuma na babbar kotun Canterbury suna ma'adanar takardun ƙasa da ke Kew, a Landan. Mai wasiyya kan lissafa 'ya'yansa, har da 'yan matan da suka yi aure da sunayen mazajensu, sai ka ga gida biyu sun haɗu a layi ɗaya.

In kakanka talaka ne, kar ka karaya, wani lokaci ma shi ya fi barin sawu. Bayan dokar 1662, kowane matalauci yana da unguwar cocin da nauyinsa ke wuyanta, kuma ba mai son ciyar da na wani. Sai a kai mutum gaban majistare, a rantsar da shi, ya faɗi inda aka haife shi, wanda ya koya masa sana'a, inda ya yi aure, da sunayen 'ya'yansa da shekarunsu. Tarihin rayuwa ke nan a shafi guda, daga bakin mai ita. Waɗannan takardun suna ma'adanar takardun gunduma. Idan kuwa a Landan ya zauna, shari'un Old Bailey, babbar kotun laifuffuka ta birnin, daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta. Duba cikin shaidu da waɗanda aka yi wa sata, ba masu laifi kaɗai ba.

Takardun kotu da yawa kafin 1733 da Latin suke, inda James kan koma Jacobus. Sunan gida kuma yadda kunnen magatakarda ya ji haka ya rubuta, don haka gwada kowane salon rubutunsa.

Shafukan intanet na FamilySearch da FreeREG za su rage maka wahala, sai dai jerin sunayensu kwafi ne na masu aikin sa-kai. Buɗe hoton ainihin shafin, ka karanta har rubutun gefe, sannan ka adana sunan ma'adanar da lambar kundin da ta shafin kafin ka rufe.