Yadda Za a Raya Laburaren Jama'a a Zamfara Idan Kuɗin Gwamnati Ya Ja Baya

Idan aka rage wa laburare kuɗi, albashi yakan ci gaba da fita. Abin da ke tsayawa shi ne kuɗin jarida, man janareta, gyaran rufi da sayen sabon littafi. Daga nan zafi da duhu da tsofaffin littattafai su kori masu karatu, in an zo zaman kasafi kuma a ce ai ba mai zuwa, a ƙara yankewa. Ma'aikacin laburare a Gusau, Ƙauran Namoda, Talata Mafara ko Anka zai iya tsayar da wannan lalacewar, amma sai ya bi aikin daki-daki, kuma neman kuɗi ne zai zo a ƙarshe.

Ku fara da ƙirga masu zuwa

Ku ajiye babban littafin rajista a bakin ƙofa mai gida biyar: kwanan wata, lokacin shiga, namiji ko mace, ɗalibi ko ma'aikaci ko wani, da abin da ya kawo shi. Kada ku nemi lambar waya, mutane da yawa za su ƙi rubutawa. Ban da rajistar, ma'aikaci ɗaya ya zagaya ya ƙirga kujerun da ke da mutum da ƙarfe 10, 12, 2 da 4. A yi haka makonni takwas a jere. Inda aikin ke ɓaci shi ne a bari sai lokacin tashi a cike da ka, domin alkaluman sukan kumbura, kuma duk jami'in kasafin da ya leƙo sau ɗaya zai gane.

Ku daidaita lokacin buɗewa da lokacin mutane

Laburaren da ke buɗewa ƙarfe 8 ya rufe ƙarfe 4 yana aiki ne daidai lokacin da ɗalibai ke aji, ma'aikata ke ofis. Ku raba ma'aikata kashi biyu, na safe da na yamma, a ƙara Asabar, a ba wanda ya yi Asabar hutun wata rana. Wannan ba ya cin ko sisi. A garin da tsaro bai inganta ba, ku rufe kafin Magariba, ba dalilin sa yara tafiyar dare. Ku ware wa mata ɓangarensu ko yini guda a mako, da ma'aikaciya mace, da makewayi mai ƙofa da ruwa. Iyaye da mazaje da yawa wannan kawai suke jira su gani kafin su ba da izini.

Ku tace kantoci, ku yaƙi gara

Nan ne ma'aikata suka fi jin tsoro, saboda littafi kayan gwamnati ne. Ku fito da littattafai kanta bayan kanta, ku kasa su uku: masu kyau da ake nema, masu bukatar ɗinki ko gam, da waɗanda suka mutu, kamar littafin kwamfuta na shekara 20 baya, ko na manhajar da aka daina koyarwa, ko wanda gara ta cinye cikinsa. Ku rubuta lambar shigar kowane littafi na kashi na uku, ku nemi izinin hukuma a rubuce kafin a fitar da ko guda. Littattafan tarihin yankin, rahotannin gwamnati da rubuce-rubucen ajami ba sa shiga wannan lissafin komai tsufansu. A sa su a kabad mai makulli.

Gara ta ƙasa take zuwa, ta bi bango. Ku janye kantoci daga bango kamar taƙi ɗaya, kanta ta ƙasa ta ɗaga daga daɓe aƙalla santimita 15, kada a jibge kwali a ƙasa. Duk mako a duba bango da ƙafafun kanta ko akwai zanen ƙasa ja, in an gani a kankare, a bi shi har inda ya fito, a sa magani a wurin, ba a kan littafi ba. A gyara yoyon kwano a watan Afrilu ko Mayu kafin damina ta kankama. Da hunturu kuma a goge ƙura da busasshen tsumma, jiƙaƙƙe yana kawo fumfuna.

Haske da iska kafin sabon littafi

Idan kuɗi kaɗan ya shigo, a sola ya kamata ya fara tafiya. Ga lissafin ɗaki matsakaici: ƙwan lantarki takwas masu wat 10 sun ba da wat 80, fanka huɗu masu wat 70 sun ba da 280, jimla 360. Awa biyar ke nan wat-awa 1,800. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 2,400, amma irin na ruwa rabin cajinsa kaɗai ya kamata a sha, saboda haka biyu ake bukata, da faifan sola uku masu wat 300 da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Abin da ke kashe batir cikin shekara guda shi ne zuƙe shi ƙarƙaf kullum, da jona dutsen guga ko butar lantarki, da barin ƙura ta rufe faifai. A wanke su duk mako da sassafe. A sa wurin cajin waya kusa da teburin ma'aikaci. Yana jawo matasa sosai.

Abin da za a zuba a kanta

Rajistarku za ta nuna wa kuke yi wa aiki. Galibi masu shirin WAEC, NECO da JAMB ne, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda da suka zo hutu. Ku nemi kwafi biyar-biyar na littattafan manhajar yanzu da tambayoyin baya, a hana fita da su. Tunda a kwamfuta ake rubuta JAMB, ko kwamfuta uku ne da manhajar gwaji za su cika ɗaki daga Janairu zuwa Afrilu. A ba kowa minti 45. Manhajar Kiwix kyauta ce, tana buɗe Wikipedia, har ta Hausa, ba tare da intanet ba. Kada a raina ƙagaggun labaran Hausa, su ne ke kawo mata da sababbin masu karatu. Makarantun da ke nesa a kai musu akwati mai littattafai 50, malami ɗaya ya sa hannu, a musanya duk wata.

Sai neman kuɗi

Kada ku ɓata takarda wajen TETFund, manyan makarantun gwamnati kaɗai take tallafawa. Kuɗin rajista da na hayar zaure kuma asusun gwamnati suke shiga, da wuya su dawo hannunku. Mafita ita ce kwamitin masoya laburare na mutum bakwai zuwa tara: wakilin hakimi, limami, shugaban makaranta, ɗan kasuwa, mace aƙalla biyu, da matashi. Su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, su buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, su manna rahoton shiga da fita a allon sanarwa duk wata uku. Ku nemi kaya maimakon tsabar kuɗi: wannan ya sayi batir, wancan ya ɗauki nauyin jarida na shekara. Ku tuna wa masu hali cewa littafi ma ana yin wakafinsa, a buga hatimi a kai da sunan mamacin da aka yi dominsa.

Wa ma'aikatar ilimi da ɗan majalisar mazaɓarku, shafi ɗaya ya isa: yawan masu zuwa kafin gyara da bayansa, mata nawa, ɗalibai nawa, da bukatu uku kacal da farashinsu. A kai shi kafin ma'aikatu su miƙa ƙudurin kasafinsu, in an jira gwamna ya gabatar wa majalisa an makara.

Masu kyautar littafi kuwa, ku nemi jerin sunayen littattafan tukuna, ku zaɓa, ku gaya musu da ladabi cewa sauran ba ku da wurin ajiye su.