Yadda Za Ka Yi Wa Ginin Gidanka Inshora

Inshorar gini tana biyan ɓarnar da ta shafi gidan kansa: bango, rufi, silin, ƙofofi, tagogi, wayoyin lantarki da bututun ruwa. Fili ba ya ciki, tunda ƙasa ba ta ƙonewa.

Fara da samo ƙwararren mai ƙiyasin gini ya lissafa abin da sake gina gidan zai ci a farashin siminti da kwanon yau. Nan ne mutane suka fi tafka kuskure. Idan sake ginin zai ci naira miliyan 40, kai kuma ka rubuta miliyan 20, sai gobara ta yi ɓarnar miliyan 10, miliyan 5 kawai za a ba ka, tunda rabin kuɗin ginin ka rubuta. Don haka riƙa sabunta adadin duk shekara.

Karanta takardar yarjejeniyar inshorar da kyau. Ka tabbata an rubuta ambaliya, guguwa da katanga ƙarara cikin abubuwan da inshorar ta ƙunsa. Ba a biyan cin gara, tsufan kwano ko tsagewar da aikin ha'inci ya jawo.

Zaɓi kamfani mai lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Mai gudun riba yana da takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci.

In tsautsayi ya faru, ɗauki hotuna, sanar da kamfanin nan take, kada ka kwashe ɓaraguzai kafin jami'insu ya duba.