Darasi na 9: Attajirin da ya zauna koyon wasula

Karatu

Ranar 14 ga Oktoba 1670 aka fara nuna wani wasa a gaban Sarki Luwis na 14 na Faransa, a fadarsa ta Shambor. Sunan wasan Le Bourgeois gentilhomme, wato attajiri mai son zama ɗan sarauta. Moliyer ne ya rubuta shi, Luli ya tsara kiɗan, Bosham kuma ya shirya rawar. A irin wannan wasa ba a raba magana da kiɗa. Ana cikin hira sai makaɗa su ɗauka, 'yan rawa su shigo, labari bai tsaya ba. Har yaran tela da rawa suka sa wa maigidan sabuwar rigarsa.

Maigidan shi ne Jurdan, ɗan wani mai sayar da yadi. Allah ya ba shi kuɗi, amma burinsa a kira shi ɗan sarauta. Ya ɗauki malamin kiɗa, da na rawa, da na takobi, da na falsafa. Wani basarake, Dorant, yana yaba shi yana cin bashinsa. Matar Jurdan ta yi faɗa har ta gaji. Jurdan ya hana saurayin 'yarsa Lusil aurenta don ba jinin sarauta ba ne. Sai saurayin ya ɓad da kama, ya zo a matsayin ɗan Sarkin Turkawa, nan take Jurdan ya amince.

Wannan ɓangaren na Turkawa akwai ba'a a cikinsa, har da kwaikwayon mufti, kuma mai karatu Musulmi ba zai ji daɗinsa ba. Ana cewa jakadan Daular Usmaniyya, Sulaiman Aga, wanda ya zo a 1669, bai nuna mamakin ƙasaitar fadar ba, abin ya ɓata wa sarki rai, shi ya sa aka yi wa Turkawa ba'a a wasan.

Wurin da ya fi shafar ajinmu shi ne zaman Jurdan da malamin falsafa. Malam ya tambaye shi me yake so ya koya. Ya ce rubutu. Sai aka fara daga wasula biyar, ana nuna masa yadda baki yake yi. Dattijon ya yi ta maimaitawa cikin murna, yana kukan iyayensa ba su sa shi karatu da wuri ba. 'Yan kallo sun yi dariya, amma wannan murnar tasa ta gaskiya ce, duk wanda ya fara riƙe fensir da furfura ya san ta.

Aiki

1. Ku furta wasulan nan a hankali: a, e, i, o, u. A wanne baki ya fi buɗewa? A wanne leɓɓa suke tsukewa?
2. Ku cike gurbi: k_ɗa, r_wa, t_la, t_kobi.
3. Me ya sa Jurdan ya ƙi saurayin da farko? Ku amsa da jimla ɗaya.
4. Mutum biyu su fito gaban aji, ɗaya malam ɗaya Jurdan, su yi darasin wasulan, sauran su buga tafi.