Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa injin huda ƙanƙara don kamun kifi

A jihar Minnesota ta Amurka da lardin Manitoba na Kanada, da zarar Janairu ya kama, tafkuna irin su Mille Lacs da Lake of the Woods da tafkin Winnipeg sukan daskare har mota ta hau. Mai son kifi sai ya huda ƙanƙarar ya zura fatsa. Da, da hannu ake murɗa mahujin, wato dogon ƙarfen huda mai wuƙaƙe a ƙasa, ko a ɗauko mai shan fetur. Yanzu mutane da yawa sun koma ɗaura mahujin a bakin injin huda mai batir, irin na kafintoci. Dabara ce mai sauƙi, amma a nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa.

Ni ma na faɗa ramin farko. Hunturuna na farko na ɗauki ɗan injin da nake kafa labule da shi a gida, na ɗaura masa mahuji mai inci 8. Ban kai rabin ƙanƙarar ba sai na ji ƙaurin waya, injin ya yi tsit. Kuskurena shi ne duba volt kawai. Volt 18 ko 20 da aka rubuta a jiki ba shi ne ƙarfi ba, kuma su biyun kusan abu ɗaya ne, salon talla ne ya bambanta su. Abin dubawa shi ne ƙarfin murɗawa. Masu ƙera mahujin K-Drill sun ce kada ya gaza 725 a ma'aunin inci-fam, wajen 82 ke nan a ma'aunin Nm. Manyan injinan Milwaukee M18 Fuel sun kai 1,200 har sama. A nemi marar burushin kabon, mai baki rabin inci, don ƙaramin baki ba ya riƙe ƙarfen mahuji.

Wasu kuma sukan ɗauko injin ɗaure kusoshi mai bugawa, suna ganin ya fi ƙarfi. Bai dace ba, bugun nan yana lalata wuƙaƙen. Haka ma barin injin a kan alamar guduma. A mayar da shi kan alamar huda, a sa giya ta ɗaya. Giya ta biyu gudu ne babu ƙarfi, ita ke dafa injin.

Sai maganar hannun gefe na injin, wanda mutane ke barinsa a kwali don ƙyuya. Wannan ya fi damuna, domin rauni ne ba asarar kuɗi ba. Daidai lokacin da wuƙar za ta fasa ƙasan ƙanƙara ta shiga ruwa, takan cije, sai injin ya juya da dukkan ƙarfinsa ya murɗe wuyan hannu. A ɗaura hannun, a buɗe ƙafafu, a rage dannawa idan an ji an kusa fasawa. Ba a danna mahuji da ƙarfi ma tun farko. Idan wuƙa na da kaifi, ita ke jan kanta. Wanda hannunsa ba shi da ƙwari ya sayi faranti mai hannu biyu da ake ɗora injin a kai, irin Clam Drill Plate.

Faɗin rami ma ana zarce gona da iri. Ramin inci 8 yana cin ƙanƙara kusan ninki biyu na ramin inci 6, batir kuwa shi ke biyan bambancin. Mai neman ƙananan kifaye irin perch da crappie, inci 6 ya ishe shi. Inci 8 na manyan kifaye ne irin walleye da pike. A ƙarshen hunturu ƙanƙarar Lake of the Woods kan kai ƙafa 3, sai an ƙara wa mahujin tsawo.

Batir kuwa ba ya shiri da sanyi. Ƙarami mai 2Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) zai mutu tun ba a je ko'ina ba. A fara daga 5Ah, a riƙe na biyu. Ni a aljihun cikin riga nake sa shi, kusa da jiki, sai zan huda nake fito da shi. Kada a yi masa caji yana daskare, hakan na kashe batirin lithium. A bar shi ya yi ɗumi a ɗaki tukuna.

Akwai abin takaicin da ake gani duk shekara: bakin injin ya saki, mahuji ya sulale cikin ramin da ya huda, sai dai a bi shi da ido. A riƙa ƙara ɗaure bakin bayan ramuka kaɗan, musamman in an yi ribas. A kuma tabbata akwai faifai a saman mahujin da ya fi ramin faɗi, ko soso mai sa shi yawo kan ruwa.

Wuƙaƙen ba sa son yashi. Huda kusa da hanyar motoci, inda tayoyi suka zubar da ƙasa, na iya dakushe su a rami ɗaya, haka ma buga su a ƙanƙara don kakkaɓe ruwa. A mayar da murfinsu bayan kowane aiki.

Ramin farko kuma na awo ne, tun daga bakin gaɓa. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ce sai ƙanƙara garau ta kai inci 4 kafin mutum ya taka, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusar ƙanƙara rabin wannan ƙarfin gare ta, sai a ninka awon.