Ga 'yan Zazzau masu shirin tahowa Alƙahira karatu

Ƙannena, duk shekara ana zuwa filin jirgi a tarbi yara daga Tudun Wada, Samaru, Sabon Gari da cikin birni, kuma duk shekara kuskuren ɗaya ne. An cika jaka da kuka da daddawa da yaji, takardu kuwa an baro su a birkice.

Ita tafiyar ba ta da wuya. Ka hau mota a Kwangila zuwa Kano, jirgin EgyptAir yana tashi daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira. Ka riƙe katin rigakafin shawara a hannu, don Masar tana nemansa ga wanda ya fito daga Najeriya. Kada ka karɓi saƙon kowa a ɗaure, ko na ɗan unguwarku ne, sai an kwance ka gani. Tiramadol a nan ɗauri ne, ba a sauraron "ba nawa ba ne".

Inda ake kuka shi ne takardu. Tun kana gida ka shimfiɗa fasfo da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, na WAEC ne ko NECO ko NBAIS, ka duba suna harafi bayan harafi. In fasfo ya ce Mohammed Sani, sakamako ya ce Muhammad Sani Zaria, a wurin ma'aikacin nan mutum biyu ne. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa kafin ka taso. Wajen fassara zuwa Larabci ma ka tsaya a kan mai fassarar, ya rubuta sunanka iri ɗaya a kowace takarda, don Sani kaɗai ana iya rubuta shi da sinun ko da sa'un mai ɗigo uku. Sai hatimi, kuma a jere yake: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadancin Masar, duk a Abuja. Wanda ya tsallake ɗaya sai ya mayar da takardunsa gida, ya zauna watanni yana jira, abokansa suna aji.

Sannan iƙama. Biza ta shigo da kai ne kawai, ba ita ce izinin zama ba, kuma ba na gajiya da faɗin wannan don har yanzu akwai masu ɗauka cewa katin makaranta ya wadatar. Da zarar an yi maka rajista, ka nemi tasdiƙi, wato takardar shaidar kai ɗalibi ne, daga makarantarku, ka haɗa da hotuna, da kwafin shafin fasfo da shafin da aka buga hatimin shigowa, da yarjejeniyar hayar gida. Babban ofishin Jawazat, wato hukumar shige da fice, yana Abbasiyya tun da aka ɗauke shi daga Mugamma ta Tahrir a 2019. Ka yi sammako bayan asuba, ka tuna Juma'a ranar hutu ce. Tun 2023 ana neman rasit na banki ko na ɗan canji mai lasisi da ke nuna ka canja kuɗin waje ne ka biya, saboda haka kada ka canja dalarka duka a hannun mutane don ƙarin 'yan fam. A shekarar ce kuma aka sa dala 1,000 a kan wanda ya zauna ba izini yake so ya gyara zamansa. Ka rubuta ranar ƙarewar iƙamarka a bango, ka fara sabuntawa da sauran wata biyu.

Wanda ya samu gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban waje na Azhar, ya huta da maganar haya. Sauran galibi Hayyul Ashir suke nufa, a Madinat Nasr. Simsar, wato dillali, yakan karɓi kuɗin wata guda, mai gida ya karɓi ta'amin, wato kuɗin ajiya, na wata ɗaya ko biyu, bawwab mai tsaron ƙofa ma yana da nasa duk wata. Kada ka ba da ko sisi sai an rubuta aƙadi, wato yarjejeniyar haya, da sunanka, an kai Shahrul Aƙari, ofishin rajistar takardu na gwamnati, an buga masa hatimin kwanan wata. Ranar shiga ka ɗauki hoton mita da famfo da duk tsagar bango, in ba haka ba ranar fita a cikin ta'aminka za a cire.

'Yan uwanmu a nan suna da zumunci, Allah ya saka musu, babu Bazazzagin da zai kwana a titi. Amma ka sanar da wanda zai tarbe ka mako guda kafin ka taso, ba sai ka sauka ba. In kuma zuwanka ya faɗo Disamba ko Janairu, ka sa rigar sanyi mai kauri a jakar hannu, don sanyin nan ya fi hunturun Samaru shiga ƙashi.