Ƙarar "tik-tik" a injin babur da sanyin safiya

Da hunturu baƙin mai yakan yi kauri, sai ya ɗauki lokaci kafin ya hau kan bawul. Yawanci wannan ce ƙarar.

Kafin ka buga kik, kafe babur ɗin a miƙe. Kwance murfin mai, goge ma'aunin da tsumma, mayar, sake zarowa ka duba. In ya gaza layi, ƙara. In ya yi baƙi ƙirin, juye shi ka zuba sabo, irin 20W-50 in shi littafin babur ɗinka ya ce.

Sannan ka tayar, ka bar shi yana aiki minti 2 ko 3. Don Allah kada ka murɗa totur, nan ake cinye inji.

In ƙarar ta ɗauke, shi ke nan. In ta ci gaba bayan inji ya yi zafi, kai wa bakanike ya saita tafet da injin a sanyaye, ya kuma duba sarƙar taimin.